Ina son fara koyon Arduino saboda tankin ruwan gidanmu, ta ina zan kama?

Ɗan_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya, ya zafi kuma. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan ta su Arduino da ESP32.

Ni dai gyaran waya nake koyo a Farm Centre, shekara biyu kenan ina wajen oga, na iya canza sikirin da wajen caji da ɗan abin da ba a rasa ba, ina riƙe ayan ɗin solda ba laifi. Amma maganar rubuta kod ko alif ban sani ba, sakandare kawai na gama. Abin da ya jawo ni shi ne tankin gidanmu. Muna da burtsatse, in an kawo wuta sai a kunna samo, to yawanci tsakar dare ake kawo wutar, wanda ya kunna sai barci ya kwashe shi, kafin asuba tanki ya cika ya yi ta ambaliya ruwa na bin bango har cikin lungu, maƙwabcinmu ya yi magana ya fi sau uku, Hajiya kuma ni take wa faɗa kullum tunda ɗakina ne kusa da makunnin. Sai na ga wani bidiyo a YouTube wani ya haɗa ɗan ƙaramin bod yana auna ruwan tanki, in ya cika ya kashe injin da kansa har ya turo masa saƙo a waya. Wlh tun ranar abin yake raina.

Matsalar da na shiga bincike sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce Uno, wancan ya ce Nano, wani ya ce duk tsohon yayi ne a sayi ESP32, ga Pico ga Raspberry Pi, ni ban ma san bambancinsu ba. Kuɗin hannuna ba su da yawa bana son in sayi abin da zan ajiye. Laftof ɗin da nake da ita ta yayana ce, tsohuwa, RAM ɗinta gig 4 ne. Turancina kuma na a ci a sha ne.

Wanne zan fara saya, a ina ake samu a nan Kano, kuma mutum irina zai iya kuwa? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Baban_Ilham:

Wa'alaikumussalam ƙanina. Ai kai ka riga ka ci rabin tafiya, wanda ya iya riƙe ayan ya san amfani da mita ya san jar waya da baƙa ba zai sha wuya ba. Yawancin masu farawa a nan suke faɗuwa ba a wajen kod ba.

Da farko cire Raspberry Pi daga lissafinka. Ita cikakkiyar kwamfuta ce ƙarama, Linux take ɗauka, a kan memori kad take tashi, in aka yi ta ɗauke mata wuta ba a kashe ta yadda ya kamata ba kad ɗin yana iya lalacewa, kuma ka san halin wutarmu. Arduino ba haka yake ba, ƙaramin bod ne mai IC ɗaya, wato ƙwaƙwalwarsa, ka ɗora masa aiki ɗaya, da ya ga wuta zai fara, in an ɗauke an dawo ya sake farawa daga farko ba ruwansa. Pico kuwa duk da kamfanin Raspberry Pi ne ya yi shi, a ɓangaren su Arduino yake, sunan ne ke rikita mutane.

Kan batun ko za ka iya, ai dan irinku aka yi abin. A 2005 aka fara shi a wani gari Ivrea a Italiya, wani malami Massimo Banzi da abokan aikinsa suka haɗa shi saboda ɗalibansu masu karatun ƙira da zane waɗanda ba su san lantarki ba kuma ba su da kuɗin sayen kayan gwaji masu tsada. Sannan suka saki zanen bod ɗin kowa ya gani ya ƙera, shi ya sa za ka ga na Chana cike da kasuwa a araha, sunan da tambarin ne nasu amma zanen a buɗe yake. Ɗan Chana ya ishe ka koyo, kar wani ya ce sai orijinal.

Ni Uno nake ba da shawara. IC ɗin kansa ATmega328P ne, gudunsa 16MHz, wajen ajiye kod 32KB, RAM kuma 2KB kacal. Ka lissafa, laftof ɗin yayanka da kake rainawa ta ninka shi RAM kusan sau miliyan biyu, dan haka ita ma ta isa har ta yi yawa. Amma wannan ɗan 2KB ɗin ya ishi tanki da samo da fankar ɗakinka gaba ɗaya. Yana da ƙafafu 14 na kunnawa da kashewa, da guda 6 daga A0 zuwa A5 masu auna ƙarfin wuta, su suna ba ka lamba daga 0 zuwa 1023. Dalilina na zaɓarsa biyu ne, yana da juriya da wautar sabon shiga, kuma duk matsalar da za ka shiga wani ya riga ka shiga ya rubuta maganinta a intanet tunda tun 2010 ake amfani da shi.

Kayan da za ka haɗa da shi ba su da yawa. Biredbod, wato farin allon nan mai ramuka da ake soka waya ba sai an yi solda ba, da jampa waya, da LED kamar goma, rezisto na 220 da 1k da 10k, botin biyu uku, da baza ɗaya mai ƙara. Kar ka ruɗu da katon kit ɗin nan mai sensa talatin da wani abu, ni na saya, rabinsu har yau suna cikin leda a durowa. Rezisto da LED da kafasito ni a Sabon Gari nake saya wajen masu kayan rediyo da talabijin, kai ma kana iya cirowa daga tsofaffin caja da bod ɗin rediyo. Shi bod ɗin kansa ka tambaya a can ɗin, in ba a dace ba akwai masu turowa daga Legas, ko ka nemi ɗaliban injiniya na BUK ko Poly 'yan ajin ƙarshe, da shi suke furojet, in sun gama da yawa sayarwa suke.

In ya zo hannunka ka sauke Arduino IDE, manhajar da ake rubuta kod a ɗora wa bod da ita, kyauta ne, ka shiga File, Examples, Basics, ka buɗe Blink ka ɗora. Akwai ɗan LED a jikin bod ɗin haɗe da ƙafa ta 13, zai fara ƙiftawa duk daƙiƙa ɗaya. Sai ka nemi inda aka rubuta 1000 ka mayar 100 ka sake ɗorawa ka ga abin da zai faru. Ranar da ka ga ya canza gudu saboda lambar da KAI ka canza, to ka shiga. Daga nan ka fito da LED naka waje a biredbod, doguwar ƙafa ita ce ta wuta, kuma dole da rezisto. Lissafin kuwa, bod yana ba da 5V, jan LED yana cin wajen 2V, saura 3V, in ka raba da 220 ka samu kamar 14mA, ita kuma ƙafar Arduino ba a so a wuce 20mA a kanta. Launin 220 ɗin ja, ja, ruwan ƙasa.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka da shi dan ni ya ci ni. Na farkon da na saya kwana huɗu ya yi, na ɗauko batirin mashin 12V na jona kai tsaye a ƙafar da aka rubuta 5V, ko ƙara bai yi ba sai wani siririn hayaƙi da wari irin na ƙonannen roba, shikenan. In za ka ba shi sama da 5V ta baƙin ramin nan zagayayye ake bi ko ƙafar Vin, daga 7V zuwa 12V. Ƙafar 5V biyar take nufi.

Tanki kuma ka ɗan jinkirta, ka yi wata guda kana wasa da LED da botin tukuna.

Injiniya_Gobe:

Baba ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka kaɗan, duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma shi fa ya ce yana son saƙo ya shigo masa waya. Uno ba shi da WiFi ba shi da Bluetooth, in ya saya bayan wata biyu zai dawo yana neman wani abin da zai liƙa masa, kuɗi biyu kenan. Su kansu masu Arduino da suka fitar da Uno R4 a 2023, mai WiFi ɗin ESP32 suka ɗora masa a gefe dan ya yi masa aikin sadarwa.

ESP32 wani kamfani ne a Shanghai, Espressif, ya fitar a 2016, gudunsa har 240MHz, RAM 520KB, ga WiFi ga Bluetooth a ciki, kuma a kasuwa kuɗinsa bai yi wa Uno ɗan Chana nisa ba. Da Arduino IDE ɗin nan dai ake rubuta masa, Blink ɗin ma iri ɗaya ne. Ni da shi na yi wa wani kawuna mai gidan kaji a hanyar Zariya abin auna zafi, yana zaune a shago yana ganin lamba a wayarsa.

Amma fa tsakani da Allah yana da nasa ciwon kan. Na ɗaya 3.3V yake aiki da shi, in ka tura masa 5V a ƙafa kana iya kashe ƙafar. Sensa ɗin da aka fi auna ruwa da shi, HC-SR04 mai kamar ido biyu, amsarsa 5V take fitowa, sai ka rage ta da rezisto biyu, 1k da 2k, ka ɗauka daga tsakiyarsu. Na biyu WiFi ɗinsa 2.4GHz kawai yake gani, in hotspot ɗin wayarka yana kan 5GHz za ka kwana kana zagin bod alhali lafiyarsa ƙalau, ni sai da na yi kwana biyu a kan wannan. Na uku wasu sai ka danne botin ɗin BOOT lokacin ɗora kod. Sannan kafin IDE ya san shi sai ka sauke fayilolinsa kuma suna da nauyi, ka tanadi data ko ka bari sai dare.

Shi HC-SR04 ɗin sauti yake harbawa wanda kunne ba ya ji, 40kHz, ya bugi saman ruwa ya dawo, bod ya ƙirga lokacin a maikrosakan, ka raba da 58 ka samu santimita. Yana gani daga santimita 2 zuwa kamar mita 4. Sai dai cikin tanki akwai gumi, ruwa yana taruwa a murfi yana ɗiga, ba ya daɗewa yake tsatsa. Akwai JSN-SR04T wanda ruwa ba ya shiga kansa, shi ya fi dacewa da tanki. Wani abin kuma da bidiyon Turawa ba sa faɗa, wannan 58 ɗin an lissafa shi ne da iska mai ɗan sanyi, wajen digiri 20 inda sauti ke tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A digiri 40 ya kai wajen 355, baƙin tanki a saman bene a watan Afrilu kuwa Allah kaɗai Ya san zafin cikinsa. A tanki mai tsayin mita ɗaya da rabi kuskuren zai kai santimita biyar in ruwan ya yi ƙasa sosai, in ya kusa cika kuwa kuskuren kaɗan ne, amma duk da haka ka bar rata kar ka ce sai ya cika taf.

Maman_Hanif:

Sannunku da ƙoƙari. Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a nan cikin gari, bari in amsa masa wajen kod da Turanci tunda naga kowa ya tafi wajen ƙarfe.

Ƙanina kafin ka kashe ko sisi ka buɗe Wokwi ko Tinkercad a burauza. Dukkansu kyauta ne, za ka ga hoton bod ɗin ka ja waya ka jona LED ka rubuta kod ka danna ya yi aiki kamar gaske. A Tinkercad in ka manta rezisto zai nuna maka LED ɗin ya fashe, ba ka yi asarar komai ba. Wokwi kuma yana da Uno da ESP32 da Pico duka, sai ka gwada ka ga wanda ya kwanta maka kafin su Baba da Injiniya su gama musu. Ɗalibaina da su muke farawa dan bod biyu gare mu a makarantar gaba ɗaya.

Turancin da ke ciki bai kai kalma ashirin ba wlh. Kowane kod na Arduino gida biyu ne, setup da loop. Abin da ke cikin setup sau ɗaya ake yi in an kunna, kamar ka buɗe shago da safe ka share ka jera kaya. Abin da ke cikin loop shi ake ta maimaitawa har a tashi. Kalmar if tana nufin idan, else kuma in ba haka ba, HIGH a kunne, LOW a kashe, delay a dakata. Ni nakan sa yara su fara rubutawa da Hausa a takarda, idan ruwa ya kai nan a kunna ƙararrawa, in ba haka ba a yi shiru, sannan mu mayar da shi layi-layi. Wanda ya iya tsara maganar a takarda ya gama, saura alamomi. Alamar da za ta fi ba ka haushi ita ce waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi, in ka manta guda ɗaya sai ya zubo maka jan rubutu kamar ka yi kisan kai. Ka karanta layin farko na jan rubutun kawai, yawanci ya faɗi lambar layin da matsalar take ko na kusa da shi.

Kuma ka saba da Serial Monitor tun yanzu, shi ne bakin bod ɗin, ta nan yake gaya maka abin da yake gani. In ka ga yana fito da rubutun aljanu lambar gudun ce ba ta zo ɗaya ba, in ka sa 9600 a kod ka zaɓi 9600 a ƙasan tagar.

Pico ma ba laifi, a 2021 ya fito a kan dala 4, ana rubuta masa da MicroPython wanda ya fi sauƙin karantawa, ba ruwanka da waƙafin nan. Sai dai masu amfani da shi a kusa da kai ba su kai na Arduino yawa ba, in ka maƙale wa za ka kai wa?

Injiniya ka tuna min da zafi. DHT11, sensa mai auna zafi, shuɗin nan da ke zuwa a kowane kit iyakarsa digiri 50 ne, mun taɓa sa shi ƙarƙashin kwanon ajinmu da rana tsaka lamba ta tsaya cak yara suka ce ya mutu. DHT22 fari shi ke kaiwa 80. Sannan lokacin hunturu in iska ta bushe ka riƙa taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka ɗauki bod, ɗan tartsatsin nan da ke kama mutum in ya cire rigar sanyi yana iya illata IC, amma wannan kai mai gyaran waya ka fi ni sani.

Usta_Mai_Wayarin:

Salam. Ni ban san kod ba ban san Arduino ba, wayarin nake yi shekara da shekaru, abin da ya sa na sa baki naga ana maganar samo.

Yaro dan girman Allah kar ka kai hannunka kan wayar samo da ɗan shuɗin rile ɗin nan, wato makunnin da bod ke kunnawa da kashewa, da nake gani a hannun ɗalibai. An rubuta 10A a jikinsa shi ke ruɗar mutane. Samo mai doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, a aiki ya fi haka ci, kuma lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, balle in wutar ta zo ƙasa-ƙasa kamar yadda ake kawo mana wani lokacin. Bakin rile ɗin sai ya yi ta tartsatsi har ya narke ya manne, ranar da ya manne kuwa samo ba zai mutu ba ko bod ɗinka ya ce ya mutu, ka koma gidan jiya har da ƙari. An taɓa kirana wani gida a Sharaɗa na tarar da irin wannan haɗin a cikin robar ayis kirim an liƙe da salatif, roba ta narke bango ya yi baƙi, Allah ne Ya kiyaye yara na wasa a wajen.

Yadda ake yi, kontakta ake sawa, wato babban makunni mai ƙarfi, ita ke ɗaukar nauyin injin, shi ƙaramin rile aikinsa kawai ya kunna koyil ɗin kontakta, a akwatin da ya dace da fiyus da waya mai kauri da wayar at mai shiga ƙasa. Kuma mai wayarin ne zai haɗa wannan ɓangaren. Wutar waya da kake gyarawa ba ta kai 5V ba a batir, wannan 230V ce ga ruwa a kusa, ba ta ba mutum damar kuskure na biyu.

Kuma in gaya maka gaskiya ko da za ta ɓata wa su Injiniya rai, matsalar Hajiya ba ta buƙatar kwamfuta. Akwai fulot siwic, wata roba ce mai waya da ake jefawa cikin tanki, in ruwa ya ɗaga ta ta katse, in ya sauka ta jona. Duk masu kayan famfo suna da ita. Ka sa a haɗa muku wannan da kontakta a huta da maƙwabci, kai kuma ka je ka yi ta koyon abinka a tsanake ba da wutar nefa ba.

Baban_Ilham:

Usta ya gama magana, ban da abin ƙarawa. Ƙanina in kana son tankin ya zama furojet ɗinka na farko to ka tsaya a ƙararrawa, bod ya ji ruwa ya cika ya yi ihu, mutum ya tashi ya kashe da hannu. Akwai ƙaramin fulot na roba mai waya biyu, a wajen Arduino daidai yake da botin, waya ɗaya a GND, wato ƙafar nagetif, ɗaya a ƙafa ta 2. Kar ka yi dabarar zura tsirarar waya biyu cikin ruwa, tana aiki sati biyu sannan wutar ta cinye ta ta yi kore, kuma ruwan sha ne.

Injiniya ni ban ƙi ESP32 ba, a gidana ma akwai uku. Amma wanda bai taɓa kunna LED ba a haɗa masa da WiFi da 3.3V da BOOT rana ɗaya, in abu ya ƙi ba zai san ta ina ya ƙi ba.

Ɗan_Kurna:

Kai jama'a na gode ƙwarai wlh ban zaci zan samu amsa haka ba, Allah Ya biya ku. Usta na ji kuma na gaya wa yayana, ya ce ƙarshen wata za a kira mai wayarin a sa fulot ɗin. Anti na gwada Wokwi a laftof har na fasa kwana, na yi fitilar kan titi ja da ruwan ɗorawa da kore.

To jiya na samu bod wajen wani ɗalibi da ya gama furojet, sai dai ba Uno ba ne Nano ne, ya ce IC ɗinsu ɗaya ne kuma shi yana zama a kan biredbod kai tsaye, mai bakin Type-C. Ƙafafun ma ba a yi musu solda ba ni na yi da kaina a shago oga yana ta min dariya wai na koma gyaran rediyo. Matsalar yanzu na jona a laftof fitilar jikinsa ta kama amma a IDE wajen Port ɗin ya yi fari ba ya dannuwa, ba COM ko ɗaya. Na cire na mayar ya fi sau ashirin, na canza rami, na kashe laftof na kunna. Ko dai yaron nan mataccen bod ya sayar min ne? Dan tun jiya in na kira ba ya ɗauka.

Injiniya_Gobe:

Hhhh kar ka zargi bawan Allah tukuna, kowa ya bi ta nan. Abu uku ne ka bi su a jere.

Fara da kebul. Da yawan kebul ɗin da ke zuwa da fawabank da ƙananan fitilu na caji ne kawai, waya biyu ce a ciki babu ta data, fitila za ta kama amma kwamfuta ba za ta ga komai ba. Ka gwada shi da wayarka, in laftof ba ta nuna fayilolin wayar ba to kebul ne.

In kebul lafiya ka juya bod ɗin ka duba ƙasansa, za ka ga wani IC mai tsawo an rubuta CH340, shi ke magana da USB a yawancin 'yan Chana, kuma Windows wani lokacin ba ta da direbansa sai ka sauke ka sa. Ka buɗe Device Manager ka jona bod, in wani abu ya fito da alamar ruwan ɗorawa to shi ne.

In Port ya fito ka zaɓa amma wajen ɗorawa ya tsaya yana rubuta avrdude da not in sync, ka je Tools, Processor, ka zaɓi ATmega328P mai Old Bootloader a gabansa. Nano 'yan Chana da yawa da tsohon suke zuwa.

Ɗan_Kurna:

Innalillahi, kebul ne. Ni da nake gaya wa kwastoma wannan maganar kullum a shago. Na ɗauko na oga mai kyau nan take COM3 ya fito, sannan sai da na sa Old Bootloader ɗin kamar yadda ka ce, direba kam da kanta ta shiga. Blink ya yi, na mayar 100 ya riƙa ƙiftawa kamar fitilar motar asibiti, na kira ƙannena suka taru a kai Hajiya ta leƙo ta ce wannan ɗin ne zai kashe samo? Yaron ma ya kira ni ɗazu ashe wayarsa ce ta faɗa ruwa, ya ce zai kawo min gyara.

Baba na san ka ce in yi wata guda amma ban iya haƙuri ba, na sayo ƙaramin fulot ɗin na haɗa da baza, na gwada a bokiti yana yi daidai. Sai na ja waya daga tanki har ɗakina, ta kai mita goma sha biyar, na ba bod ɗin wuta da cajar waya tunda in babu wuta ai samo ma ba ya aiki. Daren jiya wajen ƙarfe biyu baza ta fara ihu, na fita da gudu na hau sama da tocila, tanki ko rabi bai yi ba. Na dawo na kwanta ta sake. Sau huɗu, har Hajiya ta ce in ban cire wannan abin ba ita za ta cire shi da taɓarya. A bokiti fa ko sau ɗaya bai yi ƙarya ba, na sa INPUT_PULLUP kamar yadda na gani a misalin cikin IDE. Me ke jawo haka?

Baban_Ilham:

Doguwar wayar ce, ta zama eriya tana kwaso hayaniyar wutar gidan, musamman in ta bi kusa da wayar samo. Rezisto ɗin da INPUT_PULLUP ke kunnawa a cikin IC tsakanin 20k ne da 50k, ya yi rauni a mita goma sha biyar. Sa 1k daga ƙafa ta 2 zuwa 5V, sannan ɗan kafasito mai lamba 104 daga ƙafar zuwa GND, kusa da bod ba can wajen tanki ba. Ka murɗa wayoyin biyu da juna kamar igiya, ka raba musu hanya da ta samo. A kod kuma kar baza ta tashi da gani ɗaya, ka ce sai fulot ya zauna a cike daƙiƙa biyar a jere, dan ruwan ma in yana zubowa yana kaɗa shi. Turo kod ɗin naka nan in gani, kuma yau dai ka zare bazar kafin ka kwanta, ka gaida Hajiya.